Ranar da Na Kira Sunan Lamba Arba'in da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kore ni daga zauren jarrabawa ba, ni da na kori ɗalibai daga aji har ban san iyakarsu ba. Kuma ba korar ce ta fi ƙona min rai ba. Abin da bakina ya yi kafin korar shi ne har yau idan na tuna nake jan mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, kada ku ɗauka irin malaman nan ce da aka haifa da biro a hannu. Ni sai da na yaye yaro na huɗu na san yadda ake riƙe fensir. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi a Ƙaura, ina aikawa kasuwar Shinkafi a motar maigidanmu, shi direba ne. Haushi ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci (wata ma'aikaciya ce ta kama min babban yatsa ta dangwala a takarda kamar ta kama ƙafar akuya), daga nan kuma karatun ya ƙi sakina. Na zauna benci ɗaya da 'ya'yan ƙawayena, na yi difloma, na yi digiri, furfura tana leƙowa. A shekarar da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato na dawo gida da takardar ilmin kwamfuta, aka ɗauke ni koyarwa a babbar makarantar kimiyya ta garinmu.

Darussa uku aka ɗora min: yadda ake tsara manhaja tun daga tushe, da rumbun bayanai wanda yaran ke kira databes, da kuma salon rubuta furogiram ɗin nan da ake ɗaukar komai a matsayin abu mai siffofinsa da ayyukansa, kamar mota mai lamba da launi, wadda ke tashi ke tsayawa. Kwamfutocinmu ba su kai yatsun hannu ba, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, don haka yawancin aikin a allo muke yin sa da alli. Ban san wasa ba. Wanda ya manta waƙafi a ƙarshen layi ya sha jan biro. Wanda ya shigo bayana kuwa, magana ɗaya nake masa ba tare da na juyo ba: “Ƙofa tana nan inda ka bar ta.” Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

To, sai Allah ya kawo ɗana na fari cikin ajina.

Kun dai san yadda muke da ɗan fari. Ba a kallonsa, ba a yabonsa, ba a kiran sunansa. Nawa kuma abin ninki biyu ne, domin sunan mahaifin maigidanmu aka sa masa, marigayi. Tun da na yaye shi surukata Inna ta ɗauke shi zuwa Moriki, can ya girma, ita take kiransa Maigida tana yi masa wasan jika. Ni kuwa tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba. Idan ya zama dole sai in ce “wancan”, ko “a gaya wa na Moriki”. (Ko a rubutun nan sau ɗaya za ku ga na kira shi da sunan, inda babu makawa.)

Ranar farko na shiga ajinsu, na buɗe rajista zan kira sunaye, idona ya sauka a kansa. Ga shi can a bencin baya ya sunkuyar da kai. Idan na kira, na yi abin kunya. Idan na tsallake, an gane. Ban san lokacin da dabara ta faɗo min ba, na rufe rajista na ɗauki alli.

“Darasi na farko,” na ce. “Masu suna Sani su ɗaga hannu.”

Hannuwa suka tashi.

“Masu suna Lawali. Masu suna A'isha. Kun gani? Idan na ce Sani ya ci, wane Sanin? Suna ba ya raba mutum da mutum. A rumbun bayanai dole kowane abu ya sami makullinsa, lambar da babu mai irinta, wadda ba ta shiga sau biyu. Daga yau babu mai suna a ajin nan. Kowa lambarsa.”

Suka rubuta wannan da sauri kamar na sauko musu da wata babbar hikima. Kuma gaskiya ce na faɗa, haka ilmin yake, sai dai ni na san ba ilmi ne ya sa ni ba. Haka ya zama Lamba Arba'in da Ɗaya, ni kuma na zama Malama Makulli. Har wasu malamai suka fara yaba min salon koyarwa, ina amsawa da “ai ƙoƙari ne” ba tare da ko ƙifta ido ba.

Yaron ba daƙiƙi ba ne, amma da zarar na jefa masa tambaya sai ya daskare. A jarrabawar darasina ya faɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ban ƙara masa ko ɗigo ba. Ya maimaita shekara, Inna kuwa ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Dokar makaranta kuma a fili take: ba a maimaitawa sau biyu. Saura masa abu ɗaya, ya tsaya gaban malamai da baƙon mai jarrabawa ya kare aikinsa na ƙarshe. Idan ya ci, ya fita da takarda. Idan ya faɗi, shekarun nan duk sun tafi a banza, ya koma Moriki hannu wofi.

Ana saura kwana kaɗan na je ofishin shugaban sashenmu, Malam Lawali, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa ganin yana sauri ba ko ruwa ake yi.

“Malam, a cire ni daga masu ba da maki ranar.”

“Lafiya, Malama?”

“Akwai wani a cikinsu da… bai dace in zauna ba.”

“Wane ne?”

Na dubi kalandar bango. “Wata lamba ce.”

Ya yi wani ɗan murmushi da ban gane ba a lokacin. “To, Allah ya ba lambar sa'a. Sai ki huta a gida.”

Da na ji maganarsa da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ina! Na ce zan zauna can baya in ga yadda ɗalibaina za su yi. Ɗalibaina, wai.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, zauren a rabe yake, maza dama, mata hagu, da fili a tsakiya. Ina shiga ɓangaren mata sai na yi turus. Ga Inna zaune a benci da ƙullin goronta da carbi. Ashe ƙanwar yaron ta aika mata cewa za a tsayar da Maigida gaban manya su yanke masa hukunci, a zamanin nan kuwa wanda ya ji an ce tsayuwa da hukunci ba ya tsayawa jin sauran. Ta hau motar mata tun da safe ta taho.

Na durƙusa. “Inna, ina kwana. Ai ba kotu ba ce, karatu ne.”

“Na ji. In karatu na, mi ya kawo mai kwat ɗin can yana zare ido awa alƙali?”

Mai kwat ɗin shi ne baƙon, wani farfesa daga wata jami'a ta kudu, ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa. An ce ya tsani abu ɗaya a duniya: ɗalibin da ya sayi aikin wani ya kawo a matsayin nasa. Tun safe ya kayar da biyu a kan haka.

Aka tayar da janareto, aka kunna majigin da aka aro, hoton kwamfuta ya fito a bango. Aka kira na Moriki, da sunansa, ni kuwa na shiga gyaran ɗankwali. Ya sa faifansa, aikin ya buɗe.

Ban taɓa ganin aikin ba sai ranar. Ko sau ɗaya ban leƙa ba, shi ma bai kawo min ba. Ashe tsarin tashar mota ya yi, irin ta babansa: kowace mota da lambarta, da direbanta, da layin da za ta bi wajen lodi, don a daina faɗan “ni ke gaba” da ake yi kullum a tashar Zurmi. Ya yi uwar mota guda mai siffofin da kowace mota ke da su, sannan motar kaya da motar fasinja da motar mata duk suka gaji nata suka ƙara nasu. Tsaf, babu hayaniya, yadda na koyar har ya fi. Wani abu ya taso min a ƙirji, na ɗaga kai ina ƙirga fikafikan fanka.

Farfesa ya taso da kansa ya zauna gaban kwamfutar. Ya shigar da wata mota da lambarta, ta shiga. Ya sake shigar da wata da wannan lambar dai. Kwamfuta ta yi ƙara, wani akwati ya fito a bango da dogon Turanci da jar alama.

Ni daga baya na gane nan take. Babu abin da ya lalace. Makullin ne ya hana lamba ɗaya shiga sau biyu, wato yaron ya yi aikin daidai. Sai dai bai taɓa gwada hakan ba, bai taɓa ganin akwatin ba. Farfesa tarko ya ɗana masa, yana son jin ko ya san abin da hannunsa ya gina.

“Me ya faru?” in ji Farfesa da Turanci. “Aikinka ya mutu ne?”

Yaro ya dubi bango. Ya dubi ƙasa. Ya waiwayo wajen mata da gefen ido, ya mayar da sauri.

“Yallaɓai… jiya yana aiki.”

“Ban tambaye ka jiya ba. Kai ka rubuta wannan kuwa?”

Na ga hannun yaron ya nufi madannin da zai kashe komai. Na ga Farfesa ya zare murfin jan biro, irin zarewar da na sani domin ni ma haka nake yi.

Daga nan ban san abin da ya faru ba, sai dai na ji wata mata tana ihu, muryarta irin tawa, tana tsaye a inda nake zaune. Kuma ba da Turanci ba, ba ma da Hausar littafi ba, da tsantsar Zamfarcin da nake tallar ƙuli da shi.

“Abubakar! Kai! Mi ya lalace? Babu abin da yal lalace! Lamba guda ta shiga sau biyu, makulli ya hana ta, aikinai shika yi! Ni na haihe ka, wata tara ina ɗauke da kai, shekara biyu ina hwaɗa maka makulli, yau ka zo ka tsaya min awa an dasa ka? Buɗe baki ka yi magana, ɗana!”

Abu na farko da ya biyo baya shi ne “na'am”. Ba ɗaya ba. Ɗalibai uku ko huɗu a ɓangaren maza suka amsa a firgice, wani malami a teburin masu maki ya miƙe rabi, har mai kula da janareto ya leƙo ta taga yana cewa, “Ga ni, Malama.” (Kun ga dai darasina gaskiya ne. Suna ba ya raba mutum da mutum.) Wanda na kira ɗin shi kaɗai ne bai amsa ba. Ya sunkuya kamar ƙasa za ta buɗe ta karɓe shi.

Sai zauren ya yi tsit, babu abin da ake ji sai janareto. A cikin shirun nan muryar Inna ta tashi, ba da ƙarfi ba, amma har bencin gaba an ji.

“La'ilaha illallahu. Sunan maigidana ta kira? Gatsau? Gaban maza?” Ta tafa hannu. “Na zauna da bawan Allan ga har anka kai shi makwanci, ban taɓa hwaɗin sunanai ba. Yau ga boko ya hwaɗe shi awa mai shela.”

'Yan matan da ke kusa suka cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa ina tsaye, hannuna ɗaya har yanzu a sama, na rasa yadda ake sauke shi.

Farfesa bai san an yi wani abin kunya na suna ba. Shi laifi ɗaya ya gani, kuma ya ishe shi. Ya tambayi Malam Lawali wace ce wannan, me ta ce. Malam Lawali ya fassara masa a hankali, har da wata taran, Allah ya saka min. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni.

“Ke ce malamar databes?”

“Ni ce, yallaɓai.”

“Kuma ke ce uwarsa?”

Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na gyaɗa kai.

“To kin ba shi amsa, tambayar ta mutu. Da dokata zan bi, da na soke jarrabawar nan take. Zan ba shi wata, guda ɗaya. Idan ya kasa, ke kika jawo masa. Yanzu ki fita.”

Ƙofar zauren nan guda ce, kuma a gaba take. Sai da na ratsa filin tsakiya tun daga baya, maza na dama, mata na hagu, takalmina yana ƙara a siminti. Ina gab da kaiwa, wani shaƙiyyi daga Galadi, wanda na kora daga aji fiye da kowa, ya tashi da ladabi ya buɗe min ƙofa, ya russuna, ya ce ƙasa-ƙasa, “Tana nan inda kika bar ta, Malama.”

Na wuce ta gabansa na fita.

Na zauna a gindin bishiyar dogon yaro. Kunya gefe, tsoro gefe. Idan yaron nan ya faɗi, ba jarrabawa ce ta kayar da shi ba, bakin uwarsa ne. Can sai ga Inna ta fito tana dogara sanda, ta zauna kusa da ni da nishi, ta ɓare goro ta ci rabi, ba ta ba ni ba.

“Inna, ki gafarce ni.”

“Ni? Ki nemi gahwarar mai sunan, yana can kwance bai san hawa ba.” Ta tauna goro. “Bara da kinka kayar da shi, na ce wagga ba uwa ba ce, hukuma ce.”

Ta dube ni sama da ƙasa.

“Yau kam na ga uwa.” Ta miƙo min sauran goron. “Marar kunya, amma uwa.”

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Sai ga Malam Lawali ya fito da tafiyarsa ta kullum, kamar wanda zai je sayen rake, ni kuwa ina ji kamar in tashi in turo shi.

“Malama, lambarki ta ci.”

Inna ta ɗaga hannu sama. Ni na riƙe bakina da hannu biyu, don na daina yarda da shi.

“Farfesa ya ce ya ƙara sabon nau'in abin hawa a tashar, nan gabanmu. Ya ƙara babur, ya gaji uwar mota, ya gwada, ya yi aiki. Sannan ya tsaya ya yi bayanin makulli har sai da Farfesa ya ce ya isa.” Ya ɗan tsaya. “Kina fita bakinsa ya buɗe, Malama. Kamar an kunna rediyo.”

Wannan ta shige ni fiye da korar. Ashe shekara biyu ba tambayoyina ke daskarar da shi ba, ni ce. Yaron da aka koya wa kada ya ɗaga ido gaban uwarsa, ni kuma nake tsare shi gaban aji in ce ya yi magana.

Na ce, don in sami abin cewa, “To yanzu dai kowa ya san asirina.”

Malam Lawali ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. “Wane asiri? Goshinku ɗaya, tafiyarku ɗaya, motar babansa ke sauke shi a bakin get. Kuma duk lambar da kika kira sai kin dubi mai ita, ban da arba'in da ɗaya. Idan ita ce, fanka kike duba. Tun makon farko yaran suka gane dalilin lambobin nan, sun dai ji tsoron gaya miki.”

Wato shekara biyu ina tafe da kai sama, ina ɗaukar kaina gwanar dabara, gari duk yana kallona yana danne dariya.

Shi kansa ya fito daga baya. Ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa a ƙasa. “Malama, na gode.”

Na dubi bishiyar. “A gaya wa wancan ya riƙa gwada aikinsa da lamba biyu kafin ya kawo gaban mutane.”

“Gaya mishi da kanki,” in ji Inna. “Ai mun ji kin san sunanai.”

Labarin kuwa ya riga ni isa gida, domin direbobi ba sa riƙe magana. Kafin mako ya zagayo ya kai Shinkafi, ya kai Zurmi, a Moriki har an ƙara masa gishiri, wai guɗa na yi a kan tebur. Maigidanmu bai ce min komai ba sai da na ajiye masa abinci, ya wanke hannu, ya ce, “An ce yau kin gaisa da Baba a makaranta. Yana lafiya?”

Yanzu na daɗe da komawa jami'a, ina koyar da darussan nan dai, kuma har gobe ina faɗa wa ɗalibai cewa suna ba makulli ba ne, lamba ce makulli. Sai dai na koma kiran rajista da sunaye, nakan tsallake wanda ya kamata in tsallake a fili, kowa ya san dalili. Abin da na koya kuwa bai da yawa. Idan kin ɓoye abu kina ganin babu wanda ya sani, duba da kyau, wataƙila tsoronki kawai ake ji. Idan kuma ɗanki zai tsaya gaban masu jarrabawa, shugaba ya ce ki huta a gida, to 'yar'uwa, ki huta a gida. Ki kulle ƙofa, ki ba maƙwabciya makullin.